Kan Magana Ya Yi Kauri, Amma A Bar Wa Ɗigo Wurinsa

Yau ba farashin gero ko na goro za mu taɓa ba. Maganarmu a kan baƙaƙen da ake buga kan magana da su ne, da waɗanda ake rubuta sunan ɗan kasuwa a allon shago ko a jikin buhu.

Kowa na son baƙi mai kauri, matsattse, wanda za a hango daga nesa, kuma ya shige ƙaramin fili. Mu ma muna so, don takarda kuɗi ce. To, amma ajami ba boko ba ne. Ba, da ta, da nun, da ya, in suna tsakiyar kalma jikinsu ɗaya ne, ɗigo kaɗai ke raba su. In aka matse baƙi ya wuce kima, tawada ta malala, ɗigo uku na tsa sai su dunƙule su zama ɗaya. Ka rubuta tsada, mai karatu ya tsaya yana lalube.

Ga wata kuma. Yawancinmu a makarantar allo muka koyi baƙi, da Warash. A wurinmu fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonsa ɗaya a bisa. Baƙin Gabas kuwa, wanda ya cika kwamfuta, fa ce ke da ɗigo ɗaya a bisa. Ke nan in mai buga takarda ya sa "farin wake" da baƙin Gabas, dattijo a Dawanau zai karanta "ƙarin wake". Daga nan sai gardama tsakanin dillali da mai kaya, ciniki ya watse.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne a riƙe rubutun Kano, mai gwaɓin nan da ido ya saba da shi a littattafan Kasuwar Kurmi. Uzurin cewa inji bai iya shi ba ya ƙare. Tun 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da baƙaƙen kwamfuta masu suna Alkalami, a kan salon rubutun Kano, kuma kyauta ake ɗauka. Da ma can mai kauri ne, ba ya bukatar a ƙara masa. In fili ya yi kaɗan, a rage kalmomi, kada a matse baƙi har wasali bisa ya hau ɗigo.

Kafin ka biya mai bugu ko mai fenti, ka ce ya ba ka gwaji ɗaya. Manna shi a bango, ja da baya taku goma, ka kira dattijon rumfarku ya karanta bayan la'asar sakaliya. In ya karanta bai yi tuntuɓe ba, biya. In ya tsaya, a sake. Sunanka ne a jikin buhun nan, har Maraɗi da Agadas za shi.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.