Kwakwar Bikini da harafin K na buhun taki

1/ Jama'a, kun ga harafin K ɗin nan na jikin buhun takin NPK? Fotashiyam ke nan. Ku biyo ni.

2/ Daga 1946 zuwa 1958, Amurka ta gwada bama-baman nukiliya 23 a Bikini, cikin tekun Pasifik, bayan ta kwashe mutanen tsibirin. Ta bar guba a ƙasa: siziyom-137, wanda sai ya shekara 30 rabinsa ke gushewa.

3/ A wajen saiwar bishiya, siziyom da fotashiyam Hassan da Hussaini ne. Ƙasar Bikini kuwa fotashiyam ɗinta kaɗan ne, sai kwakwa ta riƙa zuƙar gubar a madadinsa.

4/ Aka ce mutane su koma gida. Suka ci kwakwarsu, guba ta taru a jikinsu. A 1978 aka sake kwashe su.

5/ Da masana suka zuba takin fotashiyam, saiwa ta ƙoshi, gubar cikin kwakwa ta ragu sosai.

6/ Ni dai ina ganin dabara ta samu, niyya ce babu. Har yau mutanen Bikini ba su koma ba. Wanda ya ɓata, shi ke da gyara.