Zauren Karatu: Daren Da Muka Yi Wa Mailoma Tafi

Littafin da muka ɗauko muku a wannan mako tsoho ne, ya ma girmi iyayen wasunku: Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, mutumin Katsina. An buga shi a 1982, shekara ɗaya da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, bayan wata gasar rubutun Hausa da gwamnatin tarayya ta shirya.

Za ku tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wasu ƙananan hukumomin jiharmu saboda matsalar tsaro. Waya ta koma agogo da tocila. A kwanakin nan ne wani yayanmu ya zaro littafin daga ƙasan akwatinsa, bangon ya cire, gefen takardun duk gara ta taɓa. Muka riƙa taruwa a wani zaure a Ketare bayan sallar isha'i, mutum ɗaya na karantawa, saura na saurare.

Labarin Mailoma ne, yaron ƙauye da duniya ta ja shi birni. Ya ga Yaƙin Basasa, wanda aka gwabza daga 1967 zuwa 1970. Yaƙi ya ƙare, amma hannun da ya saba da bindiga bai ajiye ta ba. Ya tara 'yan ta'adda, ya shiga harkar miyagun ƙwayoyi da makamai, ran mutum ya zama ba a bakin komai ba a wurinsa. Ba za mu faɗa muku yadda ta ƙare ba, ko da yake sunan littafin ma ya riga ya tona.

Ga abin da ya sa muka kawo zancen. Wani dare, an kai wani wuri da Mailoma ya yi wa abokan gabarsa wayo ya tsere, sai zauren ya kaure da shewa. Wani ƙaninmu ya buga cinya ya ce, "Wallahi wannan namijin duniya ne!" Mu ma duk mun yi tafi. Sai wani abokinmu da ke zaune a bakin ƙofa ya miƙe, ya sa takalmansa, ya ce, "Sai da safenku." Nan take jikin kowa ya yi sanyi. Mun manta cewa watanni kaɗan kafin nan, gidansu sun sayar da gona da shanun huɗa don su karɓo mahaifinsa daga daji.

Daren nan barci ya yi mana wuya. Mu da muka ga abin da ya faru ranar 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, mu ne yau muke yi wa mai bindiga tafi? Da can mun ɗauka irin wannan ta'asa sai a birni, sai Kano ko Legas. Yanzu ga shi 'yan ƙauye ne ke gudu birni neman wurin kwana.

Ba mu ga laifin marubucin ba. Da bai nuna zaƙin alewar ba, ba wanda zai gane dalilin da ya sa ake rububinta. Amma mun lura da wata ɗabi'a ta irin waɗannan littattafai: labari yana bin mai bindiga duk inda ya nufa, wanda aka harbe kuwa sai a bar shi kwance a shafin baya, a wuce. Mu a nan mun san abin da ke bayan wannan shafi. Mun san takaba, mun san marayu, mun san gonar da damina ta wuce ba a sa mata fartanya ba, mun san ɗan aji biyar da ya bar makaranta ya koma tura baro a Funtuwa.

Abu na biyu da muka fahimta shi ne, babu Mailoman da ke aiki shi kaɗai. Sai da yara a ƙarƙashinsa. A yankinmu ma haka ne. Ba da bindiga ake farawa ba. Da aike ake farawa: sayo burodi, kai galan ɗin fetur, faɗi wanda ya sayar da masara a kasuwa jiya. A miƙa wa yaro 'yan kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ya ga kamar ya tsinci dami a kala. Kafin ya farga, ya zama wanda ba ya iya kwana a ɗakin mahaifiyarsa, ba ya iya shiga sahun Juma'a hankali kwance. Tafin da muka yi a zaure, shi ne ƙofar da ake fara ƙwanƙwasawa. Wanda ya ji ɗan ta'adda ya burge shi a takarda bai tsaya ya tuhumi zuciyarsa ba, wata rana na kan babur zai burge shi.

Saboda haka muna ba 'yan babbar sakandare shawara su nemi littafin su karanta har ƙarshe, kada su tsaya a tsakiya inda alewa ke da zaƙi. Ƙannenmu na ƙaramar sakandare kuwa su ɗan dakata, akwai zubar da jini da yawa a ciki.

Washegari mun je har gida mun ba abokin nan namu haƙuri. Ya ce ba komai, amma bai sake zuwa zauren ba sai da aka gama littafin.

Ga aikin wannan mako. Ku ɗauki duk wani littafi ko fim na 'yan ta'adda da kuka sani, ku zaɓi mutum ɗaya da aka cuta aka wuce, ku rubuta mana shafi ɗaya a kan yadda gari ya waye wa iyalinsa. Ku ba malaminku na Hausa ya duba kafin ku aiko. Za mu buga uku da suka fi ratsa mu.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya. Sai mako mai zuwa.