Takardar Inshora Da Haƙƙin Wanda Aka Buge

  

Duk wanda ya tsaya bakin titin Katsina a Rijiyar Lemo da hantsi ya ga abin da ake kira cunkoso. Manyan motocin hatsi masu zuwa Dawanau, da motocin haya na Bichi da Katsina, da Adaidaita Sahu masu ɗibar mutane zuwa Fagge da Kantin Kwari da Sabon Gari, duka hanya guda suke rabawa da masu baro da yara 'yan makaranta. A irin wannan hanya ko gwanin direba ba shi da tabbacin zai koma gida bai goge kowa ba. To, in ƙaddara ta auku, wa zai biya?

Malaman fiƙihu sun amsa wannan tun da daɗewa. Wanda ya ɓata dukiyar wani, ko da kuskure ne, biya ya hau kansa. Wanda kuwa ya kashe rai bisa kuskure akwai diyya, watau raƙumi 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, kamar yadda kowane almajirin Risala ya karanta. Amma Shari'a ba ta bar mai kuskure ya ɗauki wannan kaya shi kaɗai ba. Ta ɗora shi bisa aƙila, danginsa na wajen uba, su haɗa su biya cikin shekara uku, domin kada jini ya tafi banza, kada kuma mai kuskure ya tsiyace. Yau fa a birni dangi sun warwatse, kowa na fama da tukunyarsa. Direban da ya karya wa magidanci ƙafa sau da yawa ba shi da komai sai ban haƙuri, iyalin wancan kuwa ba su cin ban haƙuri.

Wannan giɓi ne dokar inshorar mota ta zo cikewa. An yi ta tun 1945, ta soma aiki a 1950, kana sabuwar dokar inshora ta 2025 ta tabbatar da wajabcinta. Tun ran 1 ga Fabrairu 2025 kuma 'yan sanda suka ɗaura ɗamarar binciken takardar a kan hanya. Sai dai mutane da yawa sun ɗauke ta takardar wuce shinge kurum. Mai mota ya ba wani ɗan kamasho 'yan kuɗi a gindin bishiya, a kawo masa takarda mai hatimi, ya jefa ta aljihun mota ya manta. Ranar da hatsari ya faru sai a tarar ba kamfanin da ya san da ita.

Akwai kuma masu cewa don tsentseni suke gudun inshora, suna sayen ta jabu saboda 'yan sanda. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1398 Hijiriyya ta hana inshorar kasuwanci saboda garari da riba da kama da caca, ta halatta ta taimakon juna, Shaihu Mustafa Zarƙa kuwa ya saɓa musu, ya ga halaccinta. Amma ba malami ko ɗaya da ya halatta takardar ƙarya. Kuma hanyar fita daga saɓani tana nan, ita ce takaful, wadda aka fara a Sudan a 1979. Hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idodinta a 2013, ta ba Jaiz Takaful da Noor Takaful lasin a 2016, wasu kuma suka biyo baya, kamar Salam Takaful. A nan kuɗin da mutum ya zuba sadaukarwa ce cikin asusun jama'a, kamfani wakili ne mai karɓar ladan aikinsa, malamai suna duba harkar, in an sami rara kuma akan raba wa masu zubi.

Wanda ya tashi saye, lalle ya kiyaye abu biyar.

Na farko, ya san inshorar mota iri biyu ce mafi shahara. Akwai ta wajibi, mai biyan wanda aka yi wa ɓarna a jikinsa ko ransa ko dukiyarsa, ba ta gyara motar mai ita ko da fitila ce. Akwai cikakkiya, wadda ta haɗa wancan da gyaran motarsa da gobara da sata.

Na biyu, ya san farashi. Daga 1 ga Janairu 2023 NAICOM ta mai da ta wajibi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara ga motar gida, ta ɗaga abin da ake biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babbar motar kaya naira 100,000, Adaidaita Sahu 5,000. Cikakkiya kuwa ba ta gaza 5 cikin 100 na ƙimar mota ba, watau motar miliyan 4 ba za ta gaza naira 200,000 ba. Wanda aka yi wa tayin ƙasa da haka ya tuna araha ba ta ado.

Na uku, ya tabbatar kamfanin na da lasin hukuma, ya biya cikin asusun kamfani, ya karɓi rasiɗi, gama sai kuɗi ya shiga kariya ke farawa. Sa'an nan ya buga *565*11# a wayarsa, ya sa lambar motar, ya ga ko sunanta ya fito a rumbun ƙungiyar kamfanonin inshora. In bai fito ba, ya koma musu tun da zafi.

Na huɗu, ya faɗi gaskiya, ya kuma sa a karanta masa sharuɗɗa. Wanda ya rubuta motar gida alhali haya yake yi da ita tsakanin Kurna da Bata, ko ya ba yaron da ba shi da lasin tuƙi, shi ya ba kamfani hujjar ƙin biya. Mai sayen cikakkiya ya tambayi nawa ne kason da zai ɗauka da kansa a kowace ɓarna, kana ya gwada kamfani biyu ko uku. Farashi kusan ɗaya ne, bambancin yana wajen cika alkawari, saboda haka ya tambayi waɗanda suka taɓa neman biya.

Na biyar, in hatsari ya auku ya fara da ceton rai, ya sanar da 'yan sanda da kamfani nan da nan, ya ɗauki hoto, kada ya ƙulla sulhun kuɗi da kowa kafin kamfani ya sani.

Su ma kamfanoni akwai magana a kansu. Abin da ya kashe wa jama'a gwiwa shi ne jin labarin je-ka-ka-dawo ranar biya. Jinkirin mai hali wajen biyan haƙƙi zalunci ne, wanda aka ja wa rai kuma yana da ikon kai ƙara ga NAICOM. Ya kamata su fitar da sharuɗɗansu da Hausa, boko da ajami, su kai su tashoshin mota, shugabannin direbobi da limamai kuma su taya bayani.

Naira 15,000 a shekara ba ta kai naira 42 a rana ba. Mai mota ya auna wannan da ranar da zai tsaya gaban marayun wani hannu rabbana. Allah Ya tsare hanya, Ya raba bayinSa da ɗaukar haƙƙi.