Wa Ya Tsara Kiɗan? Matan Da Ke Bayan Majigi

A wannan ɗan taƙaitaccen sharhi ina so in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ga wata baturiyar Ingila, Doreen Carwithen (1922 zuwa 2003), domin labarinta ya shafe mu.

Wannan baiwar Allah ta shiga harkar silima a 1947, lokacin da kamfanin Rank ya ɗauke ta koyon tsara kiɗan fim. Ta yi wa finafinai sama da 30 kiɗa, watau ita ke rubuta abin da kowane mai goge da mai busa zai yi, rukunin makaɗa su bi. Ita ta tsara kiɗan fim ɗin naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953. Amma daga 1961 sai ta ajiye alƙalaminta, ta koma hidimar ayyukan William Alwyn, wanda ta aura a 1975. Aka manta da ita. Abin da ya cece ta shi ne kiɗanta yana kan takarda, shi ya sa daga baya aka tono shi, aka sake kaɗawa.

To, mu fa? A finafinan Hausa 'yar wasa ce ke motsa baki, alhali kuwa muryar ta Fati Nijar ce ko Maryam A. Baba. Su ma da sauƙi, tun da an naɗi muryoyinsu, kamar yadda aka naɗi ta Barmani Choge kafin rasuwarta a 2013.

Inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙasarmu ta Yauri. Da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya ci gungaye da ƙauyuka, aka tayar da Gungawa da maƙwabtansu zuwa sababbin matsugunai. Kakata tana cikinsu. Tana da waƙoƙin niƙa da na reno waɗanda ke ambaton sunayen wuraren da yau sai kifi ke ziyartarsu. Ta rasu ban rubuta ko baiti ɗaya ba, kuma laifin nawa ne, don da waya a aljihuna nake zama kusa da ita.

Ni a ganina, kundayen digirinmu sun yi wa makaɗan fada hidima iyakar hidima. Yarinyar da ke da shekara 15 lokacin tashin nan yau ta haura 70. Ina roƙon Sashe ya tura ɗalibai Ngaski da Shanga da Yelwa a hutun nan, su naɗi waƙoƙin matan da muryarsu, su rubuta sunan kowace mai waƙa a jikin abin da ta rera.