Raddi Ga Masu Cewa Ba a Bukatar Littattafan Al'adun Dā Wajen Nazarin Littafi Mai Tsarki

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin masu bi a Kaduna, ta kuma iso mana nan Unguwar Sanusi ta bakin wani ɗan'uwa mai wa'azi da nake ganin girmansa. Cewa yake yi littattafan nan masu bayanin al'adun Yahudawa da Helenawa da Romawa na dā asarar kuɗi ne da ɓata lokaci, har ma suna iya sanyaya bangaskiyar mutum. Ya kafa hujjoji huɗu. Ban kama sunansa ba, domin da maganar nake, ba da shi ba.

Hujjarsa ta farko ita ce Maganar Allah ta wadatar, Ruhu Mai Tsarki kuma shi ne malami. Babu mai bin da zai musa wannan. Sai dai, Malam, Littafin da kake karewa shi ya fara yin aikin da kake hanawa. Buɗe Rut sura 4. Da marubucin ya zo kan ɗan'uwan nan da ya tuɓe takalmi ya miƙa wa Bo'aza, sai ya dakatar da labari ya bayyana cewa haka ake tabbatar da ciniki a Isra'ila a zamanin dā. Ke nan tun a lokacinsa al'adar ta fara ɓace wa masu karatu. Markus ma a sura 7 ya tsaya ya yi wa waɗanda ba Yahudawa ba bayanin wankin hannun Farisiyawa. Yahaya a sura 4 ya sanar da mai karatu irin ƙyamar da ke tsakanin Yahudawa da Samariyawa. A zamanin Nehemiya, Lawiyawa sun bi jama'a suna fayyace musu Shari'ar da aka karanta. Baban nan na Habasha kuwa, littafin Ishaya na hannunsa yana karantawa, Ruhu bai hana shi mai bayani ba, Filibus ya aiko masa. In waɗanda suka fi mu kusa da abin sun bukaci a yi musu bayani, ina ga mu da ke bayan shekara 2,000?

Hujja ta biyu ta fi daɗin ji, ita ce kuma ta fi haɗari. Ya ce al'adunmu na Arewa da na Littafi Mai Tsarki ɗanjuma ne da ɗanjummai: rijiya, garken tumaki, sadaki, mata fiye da ɗaya, girmama baƙo. Don haka Bature ne ke bukatar bayani, ba mu ba. Akwai gaskiya a ciki, ba na jayayya. Wanda ya taɓa ganin soron ƙasa da aka rufa da azara ba zai sha wahalar gane yadda mutum huɗu suka huda rufin gida a Kafarnahum suka zura shanyayye ba. Amma kama da wane ba ta wane. Inda abu ya yi kama da namu, a nan muka fi saurin kuskure, domin ba ma tsayawa mu yi tambaya.

Ɗauki Yusufu da Maryamu. Bahaushe na jin an ce tashinta yake yi, sai ya kawo baiko a ransa. Baiko a wurinmu alkawari ne. In an fasa, a mayar da kayan da aka kai, kowa ya kama gabansa, babu zancen saki tun da ba a ɗaura aure ba. A wurin Yahudawan dā kuwa, da zarar an ƙulla wannan alkawari yarinya ta zama matar mutum a shari'ance ko da ba ta tare ba, saki ne kaɗai ke warware shi, kuma Maimaitawar Shari'a sura 22 ta ɗauki cin amanarsa a matsayin zina mai hukuncin kisa. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka Yusufu saurayi ne da ya yi fushi zai janye. Ba zai ga miji mai adalci da ke neman hanyar rufa wa matarsa asiri daga tozarci ba, ba zai kuma auna abin da Maryamu ta sa kanta a ciki da ta amsa wa mala'ika ba.

Haka auren matar ɗan'uwa da ya rasu. Wasu ƙabilunmu sun san gadon mata, sai a ce ai shi ne. A Isra'ila sharaɗin shi ne mamacin bai bar ɗa ba, ɗan farin da za a haifa kuma na mamacin ne, shi zai ɗauki sunansa da gādonsa. Da wannan ne ake gane laifin Onan a Farawa sura 38, ayar da aka sha ɗora mata wa'azin da ba nata ba.

Ga kuma lissafi. A misalin bawan da aka yafe wa bashi a Matiyu sura 18, ana binsa talanti 10,000, shi kuma yana bin abokinsa dinari 100. Dinari ɗaya ladan ɗan ƙodago ne na yini guda, talanti ɗaya kuwa dinari 6,000 ne, wato aikin kusan shekara 20. Bashin farko dinari miliyan 60 ke nan. Wace al'adar Hausa ce za ta gaya maka wannan? Sai littafi. Da ka ji adadin, ka san Yesu na nufin bashin da har abada ba a iya biya.

Hujja ta uku: Turawa ne suka rubuta littattafan. Yosifus, wanda kusan duk littattafan nan ke ɗebowa daga wurinsa, Bayahude ne na ƙarni na farko da ya ga rushewar Urushalima a shekara ta 70 da idonsa. Alfred Edersheim, da ya wallafa littafinsa kan rayuwa da zamanin Yesu a 1883, haifaffen Bayahude ne. Sharhin Littafi Mai Tsarki na Afirka da ya fito a 2006, malaman Afirka 70 ne suka rubuta shi a ƙarƙashin jagorancin ɗan Nijeriya, Tokunboh Adeyemo. Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya fi kowa gargaɗin kada a gauraya bishara da abin da ba ita ba, ai zurfin karatu ne ya ba shi bakin yin gargaɗin. In kuwa hannun Bature haramun ne, Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 da hannun Dokta Walter Miller na Zariya a cikinsa. Shi ma mu ajiye?

Hujja ta huɗu ce kaɗai na tsaya na yi wa dogon tunani: akwai kurakurai a cikin littattafan al'adun nan. Akwai. Wasu tsofaffin littattafan ƙarni na 19 sun ɗauki abin da matafiya suka gani a ƙauyukan Larabawa suka ce haka ake yi a zamanin Ibrahim, ba tare da shaida ba. An rubuta su kafin a gano naɗaɗɗun littattafan Tekun Gishiri a 1947. Wasu tatsuniyoyi ma ta irin wannan ƙofa suka hau bagade. Wa bai taɓa jin labarin wata ƙaramar ƙofar Urushalima mai suna Kafar Allura ba, wadda raƙumi ke bi in an sauke masa kaya ya durƙusa? Babu shaidar irin wannan ƙofa a zamanin Yesu, labarin kuma yana rage wa maganarsa kaifi, domin abin da ba ya yiwuwa ga mutum yake nunawa. To amma wa ya tona wannan? Masu binciken al'adun dā ne. Mai wa'azin da ya rufe littafi ba ya tsira daga tatsuniya, maimaita ta yake yi kowace Lahadi bai sani ba. Abin yi shi ne a duba shekarar littafi, a duba ko marubucin ya faɗi inda ya samo maganarsa, a gwada shi da wani, sannan a mayar da komai ga nassi ya yi hukunci.

Mu da muke zaune cikin maƙwabta Musulmi a Kaduna ta Kudu mun fi kowa sanin darajar irin wannan ilimi. A nan Kaduna Shehu Abubakar Gumi ya yi shekaru yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello. Almajirin da bai san dalilin saukar aya da tarihin Manzo da luggar Larabci ba, ba a ba shi kujerar tafsiri. Maƙwabcinka mai irin wannan tarbiyya in ya tambaye ka su wane ne Samariyawa, ko me ya sa ake yanka ɗan rago a Idin Ƙetarewa, amsa mai tushe yake jira, kuma hakkinsa ne ya same ta.

Ƙorafin da ya cancanta shi ne yawancin littattafan nan da Turanci suke, tsadarsu kuma ta fi ƙarfin mai bishara na ƙauye. Ina roƙon dattawan ikilisiya su sayi ko guda biyu su ajiye a majami'a domin malaman Makarantar Lahadi da shugabannin zumuntar mata. Malamanmu na makarantun tauhidi a Kagoro da Bukuru da Kaduna kuma su zauna su rubuta mana namu da Hausa, wanda zai nuna inda al'adarmu ta dace da ta Littafi da inda ta saɓa. Kai kuma Malam, in ka ga gyara a abin da na kawo, kawo shi da aya da hujja, za mu karɓa hannu bibbiyu.