Tayar da ba a hura mata iska: Za ta iya da hanyar Baleyara zuwa Filinge?

Duk ranar Lahadi kasuwar Baleyara ke ci, kuma tun daren Asabar motoci ke kwararowa daga Yamai, mai nisan kimanin kilomita 100, da kuma Filinge da ƙauyukan Kurfai. Hiace cike da fasinja, manyan motoci cike da shanu da raguna, sai amalanken jaki da ke ratsowa ta cikin yashin Dallol Bosso. Dukkansu abu ɗaya ke tsayar da su ba shiri: ƙusa, ko tsinin ƙarfe, ko ƙayar aduwa ta shige taya.

A da, faci ɓata lokaci ne kawai. Yanzu kuwa, a jihar Tilaberi da ta shafe shekaru ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren 'yan bindiga, babu direban da ke son magariba ta same shi a daji yana neman dutsen da zai tare mota ya ɗaga jak. Shi ya sa bidiyon tayoyin da ke taka ƙusoshi su wuce abinsu ke yawo a wayoyin matasa, 'yan ci-rani na turo wa na gida.

Tayar ba ƙarya ba ce. Kamfanin Michelin na Faransa ya fara nuna samfurin da ya kira Tweel a 2005, sannan a watan Yunin 2019 ya gabatar da Uptis a birnin Montreal na Kanada, tare da haɗin gwiwar General Motors. A wurin da iska ke zama, an jera wasu haƙarƙari na roba da aka ƙarfafa da zaren gilashi, su ne ke lanƙwashewa idan an taka rami su kuma miƙe. Bridgestone na Japan ya nuna irin nasa tun 2011, Goodyear na Amurka ma ya yi gwaji. Michelin ya ce kimanin tayoyi miliyan 200 ake zubarwa duk shekara a duniya tun ba su tsufa ba, saboda huji ko rashin daidaiton iska, kuma wannan asarar ce yake son ragewa.

Amfanin a bayyane yake. Tayar da babu iska a cikinta ba ta sacewa, ba ta kuma fashewa a guje, wanda ke cikin abubuwan da ke kifar da motocin haya a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kwalta ta yi kamar garwashi. Ba sai an ɗauki safaya ba, ba sai an tsaya awon iska ba.

Sai dai Michelin ya sa 2024 a matsayin shekarar da masu ƙananan motoci za su fara samunta, shekarar ta zo ta wuce ba ta shiga shaguna ba. Inda aka gan ta a kan titi gwaji ne: motocin raba kaya na DHL a Singafo daga farkon 2023, da na gidan wayar Faransa a arewacin ƙasar a wannan shekarar. Dukkansu titunan birni ne masu santsi, da kaya daidai ƙima. Wadda ake sayarwa, wato Tweel, ta injinan yankan ciyawa ce da ƙananan motocin aikin gini, waɗanda ba sa gudu.

A nan ne lissafin ƙasar Kurfai ya sha bamban da na Singafo. Iska ba cika taya kawai take yi ba, ita ce abin da direba ke wasa da shi. Wanda ya bar kwalta ya nufi ƙauyukan da ke cikin kwarin Dallol ko ya yi arewa wajen Abala, ya san idan mota ta fara nutsewa a yashi sai a sassauta iska, taya ta baje, ta hau kan rairayi maimakon ta tona shi. Idan an dawo kan kwalta a ƙara. Ranar kasuwa kuma, da za a ɗora buhunan gero da wake a saman mota har ta ninka abin da kamfani ya rubuta, iska ake ƙarawa. Tayar da ba ta da iska tauri ɗaya aka yi ta da shi daga masana'anta. Ba a rage mata, ba a ƙara mata. Lodin da ya wuce ƙima haƙarƙarin ne zai sha shi, kuma idan suka karye babu mai facin da zai ɗinke su a bakin tasha.

Akwai kuma gefenta da ke buɗe. A samfuran da aka nuna, ana hango haƙarƙarin daga waje. Da damina, laka da tsakuwa za su iya maƙalewa a ciki su bushe, taya ta yi nauyi gefe guda, sitiyari ya riƙa rawa. Zafin da robar ke tarawa a doguwar tafiya, da ƙara, da girgiza idan an yi gudu, su ne matsalolin da injiniyoyi suka daɗe suna fama da su a wannan fasaha.

Batun kuɗi ma bai yi wa direban Baleyara daɗi ba. Uptis haɗe take da wilinta, abu guda ne, don haka ba roba kaɗai za a saya ba. Alhali mafi yawan motocin haya a Nijar tayoyin gwanjo suke sawa, waɗanda Turai ta gama da su. Su ma ɗin hanyarsu ta yi tsawo: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Nijar da Benin, kayan da a da ke shigowa daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Mai motar da ke auna ko zai iya sayen tsohuwar taya guda ɗaya a wannan wata ba shi ne kasuwar da Michelin ke hange ba. Idan ma sabuwar tayar ta iso yankin, mai yiwuwa ta fara bayyana a motocin jami'an tsaro, ko na ɗaukar marasa lafiya, ko na ƙungiyoyin agaji, inda tsayuwar minti talatin a hanya ke iya zama sanadin rai.

Masu faci kuwa, ba yau ba ne sana'arsu za ta mutu. Ko tayar da ba ta da tub, da aka ce za ta kore su, ƙara musu aiki ta yi. Amma ya kamata a lura da abin da ke rataye da tsohuwar taya a ƙauye. Da ita ake yanka takalman da makiyaya ke shiga ƙaya da su, da tub ake ɗinka gugan rijiya, da shi ake yanka igiyar ɗaure kaya a kan amalanke. Haƙarƙarin zaren gilashi ba zai yi guga ba.

Wurin da dabarar ta fi dacewa da Baleyara ba mota ba ne. Amalanke da kurar ruwa da baro ba sa gudu, ba sa tara zafi, ba ruwansu da girgiza, kuma su ne ke yini cikin ƙaya. Galibin amalanken jaki tsofaffin tayoyin mota suke ja, kuma faci ɗaya kan hana manomi kai hatsinsa kasuwa sai wata Lahadin. Baro mai tayar roba zalla ya riga ya shigo kasuwanni. Ga amalanke, cikas ɗin da ya rage shi ne yashi: taya mai tauri ta fi nutsewa, kuma jakin ne zai ja.