Daɗin Murya Ba Hujja Ba Ne

Da misalin ƙarfe 6 na safe agogon New York, jaridar New York Times kan saki shirinta na sauti mai suna The Daily. Fodkas ne, wato shirin da mutum ke saukewa a wayarsa ya saurara lokacin da ya ga dama. An fara shi a watan Fabrairun 2017, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Donald Trump karo na farko. Tsarinsa ba wuya: a ɗauki labari guda, a gayyato ɗan jaridar da ya bi shi, mai gabatarwa ya yi ta jan bakinsa na kamar minti 20 zuwa 30. Miliyoyin mutane da shi suke karya kumallo.

Abin mamaki, hirar da masu sauraro suka fi yi a kan shirin ba ta siyasa ba ce, ta Michael Barbaro ce, wanda ya fara gabatar da shi. Mutumin yana magana a hankali, yana tsayawa a tsakiyar jimla, kuma in baƙo na bayani sai a ji ya yi ɗan gunaguni a maƙogwaro alamar yana biye. Wasu wannan ne ya ja su, suna jin kamar ɗan uwa ne zaune a gefensu. Wasu kuwa haushi yake ba su, har 'yan barkwanci na kwaikwayonsa. Da Sabrina Tavernise ta zo suna karɓa-karɓa a 2022, sai aka shiga auna muryarta da tasa. Su ma 'yan ɓangaranci ba a bar su a baya ba: magoya bayan jam'iyyar Republican na cewa shirin ya karkata ga abokan hamayyarsu, masu ra'ayin sauyi na cewa yana yi wa Trump sassauci.

Duk wannan surutun bakin kasuwa ne. Ranar da ya kamata masu sauraro su ɗaga murya da gaske ta zo ne a ƙarshen 2020.

A 2018 jaridar ta fitar da wani jerin shirye-shirye mai suna Caliphate, wanda Rukmini Callimachi ta jagoranta. Ginshiƙinsa wani matashi ne mazaunin Kanada da ya ce ya shiga ƙungiyar ISIS a Siriya, har ya kashe mutane da hannunsa. Shirin ya yi farin jini, ya ci lambar yabo ta Peabody. A watan Satumbar 2020 'yan sandan Kanada suka kama matashin bisa zargin ƙirƙirar labarin ta'addanci. A watan Disamba jaridar ta amsa cewa ba ta da hujjar da za ta tabbatar da maganarsa, ta mayar da lambar yabon, ta kuma ɗauke Callimachi daga fagen rahoton ta'addanci.

Barbaro ne aka ba aikin yi wa babban editan jaridar na lokacin, Dean Baquet, tambayoyi kan yadda aka yi wannan tuntuɓe. Sai dai bai faɗa wa masu sauraro cewa matar da aka yi masa baiko da ita tana cikin manyan masu shirya Caliphate ba. Ya kuma riƙa tura wa wasu 'yan jarida saƙo a ɓoye yana neman su sassauta suka, ya toshe wasu a Twitter. A watan Janairun 2021 gidajen rediyon al'umma fiye da 20 da ke watsa The Daily suka rubuta wa jaridar takardar ƙorafi, shi kuma ya fito ya ba da haƙuri.

A nan ne haɗarin yake. Rubutu yana ba mai karatu damar komawa baya ya sake dubawa. Murya kuwa kunne take shiga kai tsaye, kullum safiya, har ta zama ta gida, kuma mutum ba ya tambayar ɗan gida shaidar maganarsa. Wanda ya saba da mai gabatarwa yakan yafe masa kuskuren da ba zai yafe wa jarida ba, wanda ya tsani muryarsa kuma yakan ƙi gaskiyar da ya faɗa.

Bahaushe ba baƙon wannan ba ne. Tun kafin zuwan wayar salula yake rataye da rediyo, yana sanin ma'aikatan BBC da Muryar Amurka da DW da muryoyinsu. A Kano akwai shirye-shiryen siyasa irin su Kowane Gauta na Freedom Radio, inda sojojin baka ke baje kolinsu. Yanzu kuma ga fodkas na Hausa na ƙaruwa, ciki har da Najeriya a Yau na jaridar Aminiya. Wasu na hannun kafafen da ke da edita, da yawa kuma mutum ɗaya ne da wayarsa, ba mai duba aikinsa.

Don haka mai sauraro ya rage ɓata lokaci kan wa ya fi daɗin murya. Ya tambayi mai shirin daga ina ya samo labarin, wa ke ɗaukar nauyinsa, ko yana da alaƙa da wanda yake magana a kansa. In kuma shirin ya taɓa yin kuskure, ya duba ya ga ko an fito an gyara a fili, a cikin shirin, ba a ɓoye ba.